Ranar da na ɗauki ƙwallo da hannu

Shekarun baya, lokacin ina jin kaina a ƙafa, ni ne ɗan wasan gaba na ƙungiyar unguwarmu ta Hindawiyya a Makka. Ba wata babbar ƙungiya ba ce, mu ne dai 'yan hara, wato 'yan unguwa, rigunanmu ma kala biyu ne saboda na farko sun ƙare a kasuwa. Amma a shekarar muka kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni.

A wasan kusa da na ƙarshe, duk sanda na taɓa ƙwallo sai wasu daga cikin 'yan kallo su ɗaga murya: "Ya abd!" Wato bawa. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, ba ranar na fara jin kalmar ba. Amma ranar ta ƙi fita daga raina, alƙalin wasa kuwa ya yi kamar kurma.

A lokacin ana ta yawo da bidiyon baƙaƙen 'yan wasan Amurka suna durƙusawa idan an sa taken ƙasarsu. Na ce shi ke nan, na samu mafita. Wasan ƙarshe za a sa nashidi, taken ƙasa, tunda umda, mai unguwa, zai zo da baƙinsa. Har gwaji na yi a gaban madubi, ina neman gwiwar da ta fi kyau a hoto.

Ranar Juma'a na faɗa wa mahaifina muna cin abinci. Tsohon soja ne, ya yi aiki a kan iyaka, kunnensa na hagu ya mutu da ƙarar igwa. Tare da mu akwai amininsa da muke ce wa Kawu, shi ma tsohon soja, amma na Najeriya. Ya zo Hajji ya zauna, yana tura tsofaffi a keke daga unguwar Misfala zuwa Harami.

Kawu ya ajiye cokali. "Ɗana, ka yi daidai. Na sara wa tuta har hannuna ya gaji, kuma ina faɗa maka, wanda ya durƙusa bai zagi ƙasarsa ba. Kuka ya kai mata. Mu da muka ga gawa mun san abin da ake kira cin mutuncin ƙasa, ba wannan ba ne."

Mahaifina ya wanke hannu.

"Waɗancan na Amurka sun san ƙasarsu, ban ga laifinsu ba," ya ce. "Amma ni nashidin nan nawa ne. Na tsaya masa ranar da muka binne abokina, baƙar fata ne kamar ni, an lulluɓe shi da tuta. Masu zaginka so suke ka yarda ba naka ba ne. Kai kuma za ka miƙa musu a hannu?"

"To Baba, shiru zan yi?"

"Wa ya ce shiru? Tambaya ɗaya zan yi maka, ya waladi, ɗana. 'Yan ƙungiyarku duka suna da iƙama?"

Golanmu da wasu biyu ba su da takardar zama. Idan na durƙusa aka kira 'yan sanda, ni zan sha tambayoyi in dawo gida, su kuwa jirgi za a sa su zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Kawu ma ba shi da takardar.

Ranar wasa da la'asar mahaifina ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Aka sa nashidi na tsaya, na rera shi da ƙarfin da abokina na gefe ya juyo yana kallona. Mahaifina yana bakin fili, ya miƙe ƙyam, hannayensa a manne da cinya.

Bayan hutun rabin lokaci kalmar ta fito. Murya ɗaya, sai ta biyu. Ƙwallo tana ƙafata. Na sunkuya na ɗauke ta da hannu biyu, na tafi wajen alƙali. Kafin in yi magana ya ɗaga mini katin gargaɗi.

Na ce, "Na karɓa. Amma ba zan ajiye ƙwallon nan ba sai an fitar da mai kirana bawa. Ka ji shi, kowa ya ji shi."

Ya ce in ba shi ƙwallo. Na ƙi. 'Yan ƙungiyarmu suka zo suka tsaya a bayana, sai ga kyaftin ɗin ɗaya ƙungiyar, Balarabe fari tas, ya zo ya tsaya shi ma. Can na hango mahaifina ya taka har gaban umda, yana magana yana nuna wurin da hannu. Ban san me ya ce ba, har yau bai faɗa mini ba. Na dai ga an tasa mutum biyu an fita da su.

Muka ci gaba, muka sha kashi. A mota mahaifina ya ce, "Muryarka ba laifi. Ƙafar ce sai addu'a."

Har gobe shi da Kawu ba su daidaita a kan durƙuson ba, da an tayar da zancen sai shayi ya huce. Ni ma ban yanke wa kowa hukunci ba. Abin da na ɗauka shi ne, kafin in ta da magana in duba wa zai biya farashinta, sannan in ta da ita ba ja da baya. Yanzu ina horar da yara a unguwar Shisha. Duk ranar da kalmar nan ta fito a filina, wasa ya tsaya ke nan, ko ɗan wane ne ya faɗa.