Hutun Shukar Yayana

Na karanta tsarin mulki iri-iri, na koyar da wasunsu ga yaran da ba su roƙe ni ba, kuma ina shaidawa cewa har yau ba a rubuta dokar da ta kai ruwan farko na damina iko a kan ɗan Adam ba. Majalisa ba ta zauna a kansa ba, shugaba bai sa masa hannu ba. Amma ranar da ya sauka a ƙasarmu, tela kan bar zare a allura, direba ya tuna yana da ƙanen da zai riƙe masa mota, malamin makaranta kuma ya ba yara aikin aji ya koma bakin taga yana tunanin iri.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin masu bin wannan doka sau da ƙafa. Shi ne mai tanda a wani gidan burodi a Funtuwa, kusan shekara talatin. Aikinsa ya hura itace a cikin babbar tandar bulo, ya kwashe garwashin, ya zura gwangwanayen kwaɓi da wani dogon katako mai faffaɗan baki, ya fito da su sun yi ja. Gashin hannayensa ya ƙone tun ina sakandare, bai sake fitowa ba. Amma duk shekara, ranar da ƙasa ta jiƙu, sai ya jingine katakon nan ya hau babur zuwa gonarmu ta gado can bayan Dandume. Ba a ƙara ganinsa sai masara ta tsiro an yi mata noman farko.

Ba ya neman izini, kuma ba raini ba ne. Mai gidan burodin wata dattijuwa ce Bayarabiya, Kirista, da jirgin ƙasa ya kawo Funtuwa tun tana amarya. Kowa Mama yake ce mata. Ita ma tana da idanu, tana ganin hadari. Da sama ta fara haɗuwa takan rage kwaɓi, ta ɗaura zani a ƙugu ta karɓi tandar da kanta, ta ce wa masu shayi su yi haƙuri da burodin da gefensa ya ƙone. Da kaka kuma ta tarar da ɗanyar masara a ƙofarta. Yarjejeniyar aikinsu ke nan gaba ɗayanta, kuma babu wanda ya taɓa furta ta.

Sai gwiwoyin Mama suka gaza. Babban ɗanta ya zo ya tafi da ita kudu, gidan burodi ya koma hannun ƙaramar 'yarta. Wannan a Funtuwa aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina tsabta. Ita ma ɗalibata ce a dā, mai zama a benci na gaba, mai yawan ɗaga hannu. Yayana Auta yake ce mata, ita kuma ta ce masa Baba, don wandonsa ta riƙe ta koyi tafiya. Ta shigo da ƙwazo, ta samo cinikin makarantun kwana da manyan kantuna.

A shekarar, ruwa ya sauka, Yaya ya jingine katako ya tafi. Da ya dawo sai ya tarar da wani magidanci, mutumin Bakori, tsaye gaban tanda riƙe da katakon. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya gaida kowa, ya tambayi aiki, aka ce aiki da godiya. Ya juya ya koma gida.

Matarsa ce ta aiko kirana bayan an kwana biyu. Ta ce kullum da sassafe yakan sa kayan aiki, ya kai zaure, ya dawo ya cire. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida tun ranar da wani ya ce masa, "Ashe an sallame ka?"

Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta.

"Malam," ya ce. A kullum ɗan boko yake ce mini. In ya ce Malam, to akwai buƙata. "Ku da kuka karanta doka, ana korar mutum ba a gaya masa ba?"

"An kore ka ne, Yaya?"

"Wani na riƙe da katakona."

"Ta ce ta kore ka?"

"Da bakinta? Auta? Yarinyar da na saɓa a kafaɗa na kai kallon jirgi?"

"To ka tambaye ta?"

Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. "Ni in tsaya gaban 'yar cikina in ce, ranki ya daɗe, har yanzu ina da aiki? Lalle boko ya gama da kai." Ya ajiye fartanyar. Muryarsa ta sauka. "Ni ba wani abu nake so a ƙwato mini ba. Gemuna ya yi fari a gidan nan. Ba na son jikokina su tashi ana cewa kakansu korarre ne."

Na ce ya bar mini. Na faɗa da irin muryar da nake sanar da jarrabawa.

Ba wannan ne karo na farko da aka kawo mini irin tambayar ba. Duk wanda ke koyar da darasin mulki a garinmu lauya ne na ƙofar gida. Mai gadi ya taɓa tambayata ko ana iya tilasta masa aiki ranar Sallah. Wata malamar makarantar kuɗi ta tambaya ko haihuwa laifi ce da za a cire mutum a kanta. Ina amsa musu da ƙarfin hali da kuma manyan kalmomi. Amma wannan karon na ɗan'uwana ne, don haka na yi abin da ban saba ba: na aro dokar ƙwadago daga wani lauya maƙwabcina, na zauna a ofishin malamai na karanta ta.

Na fara da murna. Doka ta ce mai aiki ya ba ma'aikacinsa sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da ɗaukarsa. Gidan burodi ya makara da kusan shekara talatin, makarar da ko ɗalibaina ba su taɓa yin irinta ba. Na ja layi a ƙarƙashi. Doka ta ce wanda ya daɗe kamar Yaya ba a rabuwa da shi sai da sanarwar wata guda. Na ja layi, duk da na ga wata guda ya yi wa gashin hannun nan kaɗan. Daga nan murna ta fara raguwa. Hutun shekara da doka ta lamunce wa ma'aikaci kwana shida ne, wanda bai isa a shuka gonarmu ba, balle a jira tsiro. Na bi shafukan ina neman damina, ban same ta ba. Maƙwabcina ya ƙara mini da cewa wanda ya bar wurin aikinsa makonni ba izini, ana iya cewa shi ya watsar da aikin, ko da yake al'adar da aka daɗe ana bi a wuri ita ma ana dubawa.

"Tambayar farko da za a yi," in ji shi, "korarsa aka yi ko shi ya tafi?"

Doka ƙofa biyu ta tanada, yayana kuwa yana tsaye a tsakaninsu yana gaida mutane.

Duk da haka na sa rigar da ta fi shan guga, na maƙale takardun a hammata na tafi gidan burodi. Auta ta rusuna ta gaishe ni, ta shigar da ni ɗan ofishinta mai ƙamshin yis, ta aika a kawo lemo. Na gyara murya na fara. Ta bar ni na gama batu na ɗaya, na shiga na biyu, sai ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Malam, wa ya kori Baba?"

Na ce wannan ne na zo ji.

"Makarantun kwana ba sa tafiya shuka, Malam. Yara sai sun ci burodi ko ana ruwa ko ba a yi. Ni kuma ba Mama ba ce, ban iya tanda ba. Na ɗauki mutumin nan ya riƙe. Ranar da Baba ya dawo ina nan, ta tagar nan na gan shi. Ina jira ya shigo yana faɗa an sayo ɗanyen itace, yadda ya saba. Sai ya yi sallama daga ƙofa kamar baƙo. Ya juya. Na ce shi ke nan, ya yi fushi ya bar mu."

"Me ya hana ki fitowa?"

"In fito in ce masa me? Baba, na sa wani a wurinka? Wallahi ƙafata ce ta ƙi." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Mama ta kira ni a waya ta zage ni da yare biyu."

Na ajiye takardun a kan buhun fulawa. Mutum biyu ke nan, kowanne yana zaune yana jin kunyar ɗayan, kowanne ya tabbata shi aka bari.

Amma Auta ba ta gama ba, kuma abin da ta ƙara ya nuna mini akwai rigima ta gaske a ƙarƙashin kunyar. Ta ce bara ta ga Yaya ya fito daga gaban wuta ya jingina da bango yana haki, ya ɗauka ba wanda ya gani. Ba ta son ya koma tanda shi kaɗai. Tana son mutumin Bakori ya zauna, wanda shi ma yana da iyali kuma bai yi laifin komai ba. Kuma ba za ta iya riƙe cinikin makarantu ba in mai tanda zai ɓace duk ranar da sama ta ga dama. Na duba, ban ga inda ta yi kuskure ba. Na duba ta wajen yayana, nan ma ban gani ba. Wannan ba ya cikin abin da nake koyarwa.

Saura wa zai je wurin wa. Shi ba zai zo kamar mai roƙo ba, ita ba za ta aika a kira mata Baba kamar mai laifi ba. Muka tsaya a kan cewa ai ba ta yi masa barka da shuka ba, kuma wannan gaisuwa ce da yaro ke kai wa babba.

Bayan la'asar muka je, tana riƙe da burodi mai zafi a leda. Ta durƙusa a zaure ta tambayi gona. Ya ce gona ta gode Allah. Ta tambayi tsiro, ya ce ba laifi. Matarsa ta laɓe a bayan labule, ana ganin yatsun ƙafarta. Yaya ya jawo burodin, ya juya gindinsa sama, ya ƙwanƙwasa, ya gutsura.

"Wa ya gasa wannan?"

"Mutumin Bakori, Baba."

"Bai bar wuta ta kwanta ba. Gaggawa gare shi."

"Shi ya sa na zo. Ƙarfi gare shi, amma ba ya jin tanda. Sai an samu babba a kansa."

Na gutsuri burodin nan na ci. Ba abin da ya same shi. Na yi shiru, kuma wannan ne taimako mafi girma da na bayar a shari'ar.

"Ke da kike satar ɗanyen kwaɓi kina ɓuya bayan buhu," in ji Yaya, "yau ke ce mai ɗaukar ma'aikata."

"Kai kake miƙo mini, Baba."

Labule ya girgiza da dariya.

"Amma Baba," ta ce, "in za ka tafi shuka, ka gaya mini."

"Sama ba ta gaya miki ba?"

"Sama ba ta cikin ma'aikatana."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya dube ni. "Kai ka koya mata wannan bakin?"

Ba wanda ya ambaci kora, ba wanda ya ce a dawo. Ya dai tambaya ko an gyara ƙofar tandar da ke ɗan zubar da zafi, ta ce ana jiransa.

Ni kuwa ban yarda karatuna ya tafi a banza ba. Na ce tunda doka ta nemi rubutu, a rubuta. Na tsara musu yarjejeniya da Hausa da Turanci: Yaya shi ne mai kula da tanda, mutumin Bakori mai riƙe katako, ba a rabuwa sai da sanarwa, kuma da baki, ba ta taga ba. Sai sashen da na fi alfahari da shi: ma'aikaci yana da hutun shuka duk shekara, daga ruwan farko zuwa noman farko, muddin ya shigo ofis ya faɗa kafin ya hau babur. Ban san wata takardar aiki a ƙasar nan da ruwan sama ya samu shiga ba. Auta ta sa hannu, Yaya ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, harshe a waje.

Washegari ya sa kayan aiki ya wuce zaure bai tsaya ba. Aka ajiye masa benci nesa da wuta kaɗan, inda yake zama yana kushe mutumin Bakori, har suka zama aminai masu cin tuwo kwano ɗaya. Ya koma majalisa, ya sanar da su an yi masa ƙarin girma. Ni ma na kai labarin aji, na rubuta sashen hutun a allo a matsayin misalin yadda doka da al'ada ke zama lafiya, yara suka kwafa.

Bai taɓa cin hutun ba. Kafin damina ta zagayo masu bindiga sun tare hanyar gonar, kuma har yau ba wanda ya sake shuka a can.