Isiyaku mai faci ya rasu, ku masu cewa ba ya canzawa

Shekara da shekaru ina faɗa a majalisar bakin tasha cewa Isiyaku ya canza, ana ce min tsufa ne ke damuna. To, da safen nan labari ya same ni. Isiyaku mai faci na Roni ya rasu, bayan gajeriyar jinyar ciwon ciki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi boko ba. Sunan da likitoci suka ba ɗaya ciwon nasa na shekarun baya ma ban iya faɗa ba. Abin da suka ce min, cuta ce da ke shiga halin mutum. Yau kai ne masoyinsa, gobe ka makara da gaisuwa ka zama maƙiyi. Ni kaina ya taɓa jifana da sifana.

Da aka sa shi a shirin asibiti, a je da safe a dawo da yamma, sai kuka raba baki biyu. Wasu suka ce ai ba a kwantar da shi ba, mugun hali ne kawai. Wasu suka ce tunda can yake zuwa, mahaukaci ne. Ko ta ina bai tsira ba.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko abin ƙaruwa ya yi. Ya bar zuwa, ya koma, ya sake bari. A babur ɗina nake kai shi yana zagina a hanya. Sannu a hankali ya koyi tashi ya bar wuri idan ransa ya ɓaci. Har aka rage masa zuwa, daga baya suka sallame shi.

Tun daga nan bai ƙara karɓar kuɗin facina ba.

Ganina da shi na ƙarshe, wani direba ya zage shi a kan taya. Ya ajiye guduma, ya je ya yi alwala, ya dawo ya ƙarasa aikin. Ya ce min, "Baba, ka gani? Hannuna na rawa, amma bakina a rufe."

Wannan mutumin ne mutanen Babura suka zo bincike a kansa, don ɗansu na neman 'yarsa Hadiza. Wani a majalisarmu ya kwashe labarin shekarun baya ya ba su, bai faɗi na yanzu ba. Ba su dawo ba. Isiyaku ya san maganar, bai yi faɗa da kowa ba. Ni ne na yi.

Allah Ya jiƙanka Isiyaku, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Hadiza na nan, yanzu marainiya ce. Bayan sadakar uku zan tafi Babura da ƙafata in faɗa musu abin da idona ya gani.

Kai kuma da ka ba su labari, na san kana karanta wannan. Me kake so ya yi da bai yi ba? Ka amsa min.