Allurar da Na Guje wa a Kambaza

Ran da ɗiyar taubashiyata ta haihu a asibiti a Kalgo, jini ya ƙi tsayawa. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kawo mai ba da jini yanzu-yanzu, in ba haka ba ba ta san abin da zai faru ba. Mu huɗu muka miƙa hannu: taubashiyata uwar yarinyar, ƙannen taubashiyar tawa mata biyu, sai ni. Aka ɗibi na gwaji, muka zauna a benci muna jira. Can na tsinci kaina ina kallon baƙin leɓɓansu, duk da hankalina a tashe yake.

Na san ranar da aka yi wannan baƙin. Muna 'yan mata, an kai ni daga Gwandu wurin dangin uwata a rugarsu kusa da Kambaza, gab da ƙaramar Salla. Wata tsohuwa ta zo yi wa 'yan mata jarfar leɓe. Kayan aikinta allurai ne ɗaure da zare, da baƙin tukunya kwaɓe da man shanu. Ta ɗora kan yarinya a cinya, ta yi ta tsattsaga leɓen ƙasa har ya jiƙe, ta goge alluran a tsumma, ta kira ta gaba. Ko uffan ba a cewa, don wadda ta yi kuka ta shiga bakin duniya.

Ni kuwa tambaya ce cutata tun ina ƙarama. Na matsa kusa na ce, "Inna, ba a sake allura?"

Ta harare ni. "Ƙwaryar hura guda kuke sha, allura ce za ki yi ƙyama? Wadda ta nemi tata daban, 'yan'uwanta ta raina."

Na so leɓen nan, wallahi, don yana haska haƙora. Amma da na dubi tsumman, sai na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Tun daga nan taubashiyata ta sa mini Farin Baki. Har a bikina sai da ta kira ni haka gaban dangin miji, kuma ya yi mini ciwo.

Ma'aikaciyar ta dawo, ta ja su gefe. Su ukun duka an ga ciwon hanta a jininsu, ba za a ɗauka ba. Nawa ne kaɗai ya yi.

Ina kwance ana jan jinina, ban fasa halina ba. Na ce, "Malama, mutum da ƙarfinsa, yana tatsa yana dakan hura, ina ciwon yake?" Ta ce yakan kwanta shekaru bai nuna ba, yana cin hanta a hankali. Ba za ta rantse ta inda suka samu ba, amma allura ko aska da ta shiga jikin wani ta koma na wani, hanya ce babba. Ta ce su zo a duba su sosai.

Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi. Da la'asar taubashiyata ta zo ta zauna kusa da ni, tana taɓa leɓenta da yatsa. Na jira tsiyar da ta saba.

"Farin Baki," ta ce, "ashe gudun nan naki ɗiyata kika yi wa."