Mai Awon Damtse a Kasuwar Rimawa

A kasuwar Rimawa akwai wata 'yar guntuwar dattijuwa da ba ta taya albasa, ba ta taya gero. Aikinta leƙen goyon mutane. Da ganinta ka san tana cikin matan ƙungiyar sa kai masu bin gida-gida saboda lafiyar yara. Wataƙila ta taɓa rasa nata ne, shi ya sa ba ta iya wuce ramammen yaro.

Ga ta durƙushe gaban wata mai tallan nono, ta zagaya ɗan ma'auni mai launi uku a damtsen ɗanta. Awon ya tsaya kan ja.

"Ɗiyata, yunwa ta kama yaron ga. Kai shi asibiti yanzu, tun ba su tashi ba."

"Goggo, nonon hwa? Wa za shi tsare min?"

"Ni mi nike yi nan, ado?"

Uwar ta saɓi ɗanta ta tafi tana waiwaye. Dattijuwa ta hakimce bayan ƙwarya da ludayi, sai ga mai saye da goyo a baya.

"Goggo, a ba ni nono."

"Akwai, mai kyau ma. Kwanto ɗan nan in ga hannunshi tukuna."