Tankar Hamisu Mai Faci

Duk wanda ya hau Keke Napep a Moduganari ya ce a sauke shi a Tanka, ba a tambayarsa wace tanka. Guda ɗaya ce, kuma ta Hamisu mai faci ce, ko da yake ba shi ya saya ba.

Sojoji ne suka kawo ta bakin layinmu a shekarun da gari ya rikice, suka juya bakin bindigarta gabas. Da al'amura suka lafa sojojin suka tashi, ita kuwa ta ƙi tashi. Wasu makanikai masu kaki suka zo suka ciro injinta, suka ce za su gyara su dawo. Har yau muna jiransu.

Hamisu mutumin Kano ne, tun yana saurayi ya zo Maiduguri. Shi ya fara gano babban amfanin tankar yaƙi a wannan zamani, wato inuwa. Ya jawo injin iskarsa da bahon gwada taya ya kafa a gindinta. Mai faci a jikin motar da ba ta da taya ko ɗaya sai sarƙa, ai ka san ba ciniki ne ya zaunar da shi ba.

Nan da nan ya zama masanin yaƙi. Yana liƙe taya yana gaya maka harsashi ɗaya daga nan sai Chadi. Wani ɗan jami'a, Zayyad, ya taɓa ce masa zamanin tanka ya wuce, yanzu ɗan jirgi marar matuƙi da bai fi tantabara ba shi ke tarwatsa su. Hamisu ya sace iskar da ya hura masa a babur, ya ce ya kai wa jirgin ya hura masa.

Muna dariya, amma mun san dalili. Matarsa Hajja Babarbariya ce. Ranar da aka shiga ƙauyensu da ƙafa ta gudo, ƙannenta biyu ba su fito ba. Ta daɗe ba ta iya barci, sai bayan zuwan tankar ta samu natsuwa. Kullum da hantsi za ta leƙo ƙofa ta dubi wajen, sannan ta koma ta ɗora tukunya. Gida-gida Hamisu ya bi yana roƙon kada kowa ya gaya mata babu inji a ciki. Duk surutun layinmu, wannan kam mun riƙe masa.

A unguwarmu in Sallah ta matso kowa kan sabunta fentin ƙofarsa. Hamisu tankar yake yi wa, don kada Hajja ta ga tsatsa. Bara sai ya zarce. Ya zana mata kore da ruwan ƙasa irin na kaki, ya shafe sarƙar da baƙin mai, ya dirje bakin bindigar da toka har tana ɗaukar ido. Na ce, “Malam Hamisu, abin ya yi yawa.” Ya ce hassada ke damuna.

Bayan Sallah wani babban hafsa ya biyo ta titin da jiniya, sai ya sa aka tsaya. Ya ce duk rangadin da ya yi bai ga tanka mai ƙoshin lafiya irin wannan ba, me take yi cikin gari alhali ana neman irinta a daji? A cikin na ƙasa da shi babu mai ƙarfin halin cewa oga ya leƙa ciki. Hamisu ya yar da tayar hannunsa ya rugo.

“Ranka ya daɗe, ai ba ta da...”

Sai ya hangi Hajja a bakin ƙofa. Ya haɗiye sauran, ya sara wa hafsan. Cikin makon tirela ta zo ta loda ta. Na ji haushi, har na kasa yi masa ba'ar da na tanada.

Ina wurin lokacin da Hajja ta kawo masa abincin rana, ta tarar da shi zaune cikin rana tsaka, gumi na zuba. Ya kasa dubanta.

“Hajja, kar ki damu. Aiki ta tafi, za ta dawo.”

“Aikin me, Malam, ba inji?” in ji ta. “Kazata suka tafi min da ita, tana kwanci a ramin injin. Ƙwan da kake ci da safe, daga ina kake zato?”

Da ƙyar Hamisu ya ce, “To me kike leƙawa kullum?”

“Kai mana. In ga kana nan zaune.” Ta ajiye masa kwanon. “Ka nemi wata inuwar, amma inda zan riƙa hango ka daga ƙofa.”