Adey Amlesu, Mai Kai Sunayen Mata Sama

Kafin rana ta leƙo gindin dutsenmu, Adey Amlesu, wato Inna Amlesu da harshenmu, ta riga ta share fili. Takan fara daga bakin ɗakinta na duwatsu, ta bi ta ƙarƙashin itacen zaitun, ta ƙare a kan faffaɗan dutsen nan da ƙafafunta suka goge har ya yi santsi. Daga nan ta hura wuta, ta soya 'ya'yan gahawa, ta jera ƙananan kofuna goma sha biyu ko da ba a sa ran kowa. Ita kaɗai take shan na farko. Akuyarta ta mutu bara, tun daga nan ba ta da wanda za ta yi wa magana sai motar masu ziyara ta iso, in ta iso.

Gidan sufayen Kirista yana can bisa, inda yake tun zamanin da bishara ta fara shigowa ƙasarmu ta Tigray, kuma hanyarsa ɗaya ce: igiyar fata da ake sakowa daga wata 'yar ƙofa a jikin dutse. Maza su tuɓe takalma, a ɗaura musu ɗamara a ƙugu, su hau suna kiran Maryamu da duk waliyyin da suka iya tunawa. Mata ba sa hawa. Haka muka tarar. Mace ta sha tafiyar kwana uku a mota, ta zo ta ɗaga kai ta ga tafin ƙafar mijinta yana wutsil-wutsil a sama, to iyakar rabonta da wuri mai tsarki ke nan. Shi kuwa ya sauko da yamma yana hura hanci da hotuna a waya, kai ka ce shi ya gina cocin.

A nan aikin Adey yake. Takan zaunar da matan a inuwa, ta ba su gahawa da gasasshen sha'ir, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana miƙa kunne. Kowacce ta raɗa mata sunanta na baftisma, ba wanda ake kiranta da shi a kasuwa ba, wanda firist ya ba ta ran da aka tsoma ta a ruwa tana da kwana tamanin. Da shi ake yi wa mutum addu'a, da shi ake binne shi. Ta kuma raɗa mata abin da ya kawo ta. Sai Adey ta hau dutsenta, ta gyara farin mayafinta, ta kare baki da tafuka biyu.

"Welete Kidan! Ciwon ƙafa!"

Iskar wurin nan takan kwashe muryar ƙato ta watsar, amma ba ta taɓa iya wa ta Adey ba. Can sama Abba Gebre-Hiwet, tsohon sufin da ke riƙe da igiya, zai leƙo ya mayar mata: "Welete Kidan, na ji!" Daga nan sunan ya shiga addu'ar rana a cikin cocin da mai shi ba za ta taɓa gani ba. Shekara talatin da tara ke nan ana haka, ba albashi, ba wanda ya naɗa ta.

Dalilin wannan rubutu nawa biyu ne, dukansu masu ɗaci. Na farko, muryar ta ƙare. Likita a Adigrat ya ce wani ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki, in an yi kuma ba sauran kira. 'Yar ƙanwarta Rigbe za ta zo ta tafi da ita Mekelle bayan Ista. Na biyun kuwa ban san shi ba sai makonni uku da suka wuce. Ni malamar makarantar ƙauyen nan ce, a gabanta na girma, sau huɗu ta kai sunana sama. Na je mata da littafi da biro na ce zan yi rubutu a kanta, na roƙe ta ta ba ni sunanta na baftisma in sa a ciki. Ta kalle ni ta yi dariyar da ba sauti.

"'Yata, ke ce ta farko da ta tambaya," ta ce da 'yar raɗar da ta rage mata. "Nawa bai taɓa hawa ba."

Na zaci wasa take yi. Ba wasa ba ne. Tana da shekara ashirin da shida ta zo nan da mijinta Gidey, a ƙafa, tafiyar kwana shida, don shekara takwas da aure ba ta ko taɓa ɓari ba. Ta maimaita masa sunan da zai kai mata sama a hanya har sai da ya ce ta ishe shi. Ya hau, ita ta zauna a ƙasa, ba inuwa, ba ruwa, ba mai cewa sannu, daga safe har la'asar. Da ya sauko sai ta ga yana ta sosa ƙeya.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa mana."

"Me ka ce?"

"To... na ce Welete Mariam."

"Welete wa? Kai Gidey! Wace ce Welete Mariam?"

"Haba Amlesu, hawan nan fa sai da hantar cikina ta kaɗa, komai ya fice mini. Kuma ai rabin matan garinmu sunansu ke nan, na ce da wuya in kuskure."

Da take ba ni labarin ta ce har yau takan yi tunanin wata Welete Mariam can a wani ƙauye da ta haifi 'ya'ya tara ba ta san daga ina suke zuwar mata ba. Gidey ya rantse ba zai sake hawa igiyar nan ba ko za a yanka shi. Tana zaune tana haɗiyar baƙin ciki sai ta ji shessheƙa a gefenta: wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ba ta da namijin aike, ta zo ita kaɗai tana ta kallon sama. Haushin da ke cin Amlesu ne ya tashe ta tsaye. Ta tambayi tsohuwar sunanta, ta hau dutse ta kwarara shi da duk ƙarfinta. Sufin da ke ƙofa a wancan zamanin ya leƙo a firgice, sannan ya amsa.

Bayan shekara biyu Gidey ya tafi aikin gonar riɗi a Humera, zazzaɓi ya kashe shi a can. Danginsa suka karɓi gona. Ba ɗa, ba jika, ta ɗaure kayanta ta dawo gindin dutsen nan ta tara duwatsu ta yi ɗaki.

Na ce, "Adey, to me ya hana ki kiran naki? Sau dubu nawa kika hau dutsen nan?"

"Mace ta tsaya tana kwarara sunanta da bakinta? Ai sai a ce na taɓu."

"Ki ba wata mana ta kira miki."

"Wadda ta zo da nata kukan, in ɗora mata nawa? Na dai ce wata rana wata za ta tambaya." Ta juya garwashi da tsinke. "Rabon da wani ya furta shi tun rasuwar uwata. Wani lokaci in na kwanta nakan faɗa wa kaina, kada in zama Gidey."

Kunya ta rufe ni, har yanzu kuma ba ta sake ni ba. Dukanmu mun sha gahawarta, mun zuba mata asirinmu a kunne, mun tashi mun karkaɗe zane mun tafi.

Adey, ke ce kika san abin da ake faɗa da ƙarfi da abin da ake rufewa. Matan da suka zo da abin kunya sun shaida: wadda miji ke duka, wadda ɗanta ke kurkuku, wadda ciwonta ba ya faɗuwa a gaban mutane. In kin hau dutse sai ki kira sunan, ki ce, "Abin da Ya sani!" Ba wanda ya taɓa jin ƙari a kan haka daga bakinki, ko da an kawo miki tsegumi da zuma. Ba ki san baƙi ko ɗaya na karatu ba, amma mace ta dawo bayan shekara goma, kafin ta buɗe baki kin riga ta: "Amete Mikael, ya ƙirjin nan?"

Ba kowa ne ya ɗauki aikin da nauyi ba. Tsegay direba, mai kawo masu ziyara daga Wukro, ya taɓa tsokanarta a gabana.

"Adey, Abba fa yana da waya yanzu. In ba ki lambarsa ki huta da ihun nan?"

"Kai Tsegay, ran da uwarka ta zo nan tana kuka tana neman ɗa, da waya aka kai sunanta? Ni na kai shi da maƙogwaron nan. Da na san kai za a bayar, da na rage murya."

Matan suka kwashe da dariya, Tsegay ya koma mota yana cewa ya tuba. Daga baya Adey ta ce mini takarda da waya duk suna kai saƙo, amma mace tana so ta ji da kunnenta sunanta ya tashi, ta kuma ji an amsa. Wannan ne kawai hawan da aka bar mata.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda Abba Gebre-Hiwet ya faɗa da bakinsa, ran da ya sauko a cire masa haƙori. A shekaru biyun yaƙin da aka yi a ƙasarmu kwanan baya, da aka rufe hanyoyi, ko mota ɗaya ba ta zo ba. Mu kanmu mun gudu cikin kwazazzabai. Ya ce kullum da hantsi sai ya ji kira, ya leƙo, ba kowa a fili sai ita da akuyarta, tana jero sunaye, ashirin, talatin, tana tsayawa bayan kowanne sai ya amsa. Ran nan ya gaji ya ce, "Amlesu, su wa kike kira? Ba kowa fa a wurin!" Ta ce, "Waɗanda da sun zo, Abba. Amsa kawai." Ya ce akwai kwanakin da ya san ba ta sa komai a ciki ba, don yana jin yunwar a muryarta. Ko a waɗannan kwanakin, da ba mai ji balle ya ce ta taɓu, ba ta saka nata a ciki ba.

Asabar da ta wuce na je da niyya. Tsegay ya kawo matan wata ƙungiyar coci, su goma sha bakwai, ba wadda ta san ta. Adey ta ba su gahawa, ta karɓi sunayensu tana raɗa mini, ni ina hawa dutse ina kira, da ƙyar Abba yake tsintar su. Da aka gama na sauko na durƙusa a gabanta na miƙa kunne. Ta kau da kai. Ban tashi ba. Sai da gwiwata ta fara ciwo sannan na ji numfashinta a kunnena.

Na hau na kira. Iska ta taso ta kwashe shi.

"Ban ji ba!" in ji Abba.

Na sake, muryata ta tsage a tsakiya.

"Ƙara ɗagawa, malama! Yau ina Amlesu ne?"

Wata ƙatuwar mata daga cikin baƙin, mai sayar da barkono a Wukro, ta ajiye kofinta ta ce, "Ke matsa, wannan muryar taki ta aji ce. Sunan wa?" Na nuna mata Adey da ido, na gaya mata a taƙaice. Ta dafe ƙirji, ta juya ta yi wa 'yan'uwanta magana. Su goma sha bakwai suka miƙe, muka cika dutsen har wasu na riƙe da zanen wasu, muka ɗaga tare.

"Welete Rufa'el!"

Sannan daga sama, a fili, kowane harafi a wurinsa: "Welete Rufa'el, na ji! Mece ce buƙatarta?"

Adey tana zaune a inda take, idonta a rufe, leɓɓanta na motsi. Na sauko na ce, "Adey, yana tambayar buƙata." Na zaci za ta ce maƙogwaro. Haihuwar da ta zo nema da fari kuwa ta wuce ta tun tuni. Sai ta jawo kunnena.

"Ce masa a samo wadda za ta tsaya a nan."

Adey Amlesu, uwar baƙi, mun gode. Mun gode da gahawa, da inuwar zaitun da kika dasa, da asirin da kika haɗiye, da sunayenmu da kika ɗauka ɗaya-ɗaya kika kai inda ƙafarmu ba ta zuwa. Ki yafe mana shekara talatin da tara da ba mu tambaya ba. Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya sa ki saba da Mekelle.

Ku kuma masu karatu, in kun je ziyara ko'ina ne, kafin ku ɗaga kai ku kalli tsohon gini, ku dubi wanda ya miƙo muku ruwa a ƙasa ku tambaye shi sunansa. Matan ƙauyukanmu kuwa, kun ji buƙatar da aka kai sama. Motar Rigbe za ta zo ranar Talata. Ni na ɗauki Asabar da Lahadi, don sauran ranakun ina aji. Kwana biyar suna nan ba mai su.