Rayuwar Bakaniken da Ya Nemi a Kira Shi Ɗan Ta'adda

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Bakanike a shekarar 1948, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mahaifiyarsa kuwa tela. Su biyu ta haifa, shi da Auta, kuma duk rigar da ta ɗinka a jikin Auta take fara gwadawa, sai in ta yi masa yawa Bakanike ya samu. Yana aji huɗu aka cire shi aka kai shi gareji, domin Auta ya ci gaba da karatu.

Sana'a da iyali

A 1970 ya buɗe garejinsa, ya yi aure, Allah ya albarkace shi da 'ya'ya uku. Ana nan Auta ya dawo daga jami'a da tabarau da zaƙin baki, ya mai da bayan garejin majalisar 'yan adawa. Bakanike ke jera benci, shi ke leƙen 'yan sanda, amma Auta ake yi wa tafi.

Shari'a

A 1979 aka harbe sakataren jam'iyya mai mulki a ƙofar ofishinsa. Bakanike ne ya yi harbin daga cikin mota. Auta yana kujerar baya, kansa tsakanin gwiwoyinsa. Aka gurfanar da su bisa tuhumar ta'addanci, wadda hukuncinta kisa ne. Lauya ya shawarci Bakanike ya ce babu siyasa a lamarin, sakataren ne ya taɓa marinsa a gaban yaran gareji. Ya faɗi hakan, alƙali ya soke masa waccan tuhuma, ya yi masa ɗaurin rai-da-rai bisa kisan kai. Auta kuwa ya kori lauya, ya zuba jawabi, aka yanke masa hukuncin kisa. Matar Bakanike ta yi godiya ga Allah da mijinta ya tsira daga kisa. Shi kam abin da ya hana shi cin abinci hoton Auta ne a shafin farko na jarida.

Zaman kurkuku

A 1982 gwamnati ta faɗi, sabuwa ta yi afuwa ga fursunonin siyasa. Auta ya fita a kafaɗun jama'a, bai daɗe ba ya zama minista. Bakanike bai shiga cikin afuwar ba, tunda da bakinsa ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne. Ya yi ta ɗaukaka ƙara, yana roƙon a maido masa da tuhumarsa ta farko, har wani alƙali ya ce masa, "Malam, tunda nake aikin nan ban taɓa ganin mai roƙon a kira shi ɗan ta'adda ba."

Auta ya ziyarce shi, ya ce ya samo masa sassauci na jin ƙai. "Yaya, hannu kawai za ka sa, gobe ka kwana a gida."

Bakanike ya ce, "Fara gaya musu wa ya riƙe bindigar, sannan ka miƙo biron."

Auta ya gyara tabarau, ya tambaye shi lafiyar ƙafarsa. Bakanike bai sa hannun ba, sai a 1999 aka sallame shi saboda doguwar jinya.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

Ya tarar da garejin ya koma shagon kayan gini, titin gabansa kuma an sa masa sunan Auta. Tun daga ranar ta bayan layi yake zagayawa zuwa masallaci.

Allah ya yi masa rasuwa a 2006, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Auta ya halarta, jama'a suka yi ta turereniyar gaisawa da shi, har sai da liman ya nemi a zo a kama makara. Da yamma rediyo ya sanar cewa gwarzon gwagwarmaya ya yi rashin wansa, wani tsohon bakanike.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babban direba ne, ta tsakiya ma'aikaciyar jinya, ƙaramin kuma yana aiki a ofishin Auta.